Ɗaki Mai Taya Biyu

Kwanon rufi goma sha biyu nake bin ƙanen mijina, mai walda, wanda duk gida muke ce wa Sai-gobe. Sababbi fil na saya don in rufe ɗakin baya. Ya zo ya ce iska ta yaye masa rumfar aiki, in ara masa zuwa sati biyu. Aka shekara huɗu. Ni ban yi boko ba, amma abin da ya fita hannuna ba ya fita kaina, ko da allura ce.

Wata rana da hantsi na ji ƙugin mota a ƙofar baya. Na leƙa, sai ga shi yana yi wa direba hannu, “Taho, taho!” Motar na janye da wani ɗaki sukutum a kan taya biyu, da ƙofarsa da tagoginsa, irin wanda masu aikin hanya ke kwana a ciki. Farin fentin duk ya koma ruwan ƙasa. Ashe kamfani ne ya gama aiki ya watsar, shi ya saya a kuɗin tsohon ƙarfe, ya rasa mai saye, mai fili kuma ya ce ya ɗauke kayansa.

Ya ce, “Yaya, ga kwanonki.”

Na ce, “Kwano na ba ka ko gawar mota?”

“Yi lissafi mana. Rufi kika ba ni, na dawo miki da rufi da bango da daɓe. Ke ce ma za ki yi mini ciko.”

“Ka dai rasa juji ne ka tuna da ni. Ajiya ka kawo, ba biya ba. Goma sha biyuna na nan.”

Ya yi dariya. Suka tura shi jikin katanga, suka ɗora dogon ƙarfen gabansa a kan dutse, suka tafi. Na jibga buhunan gawayi a cikinsa ta gaba, na zuba kaji ta baya. Na ce ko banza ya ci hayar filina.

Gaskiya a lokacin ba ta ɗakin nake ba. Ɗana ya rasu shekarar da ta wuce, ya bar mini matarsa da 'yan mata biyu ƙanana. Matar tela ce, hannunta kuwa sai wanda ya gani. Mai shago ya karɓe shagonsa, ta dawo da keken ɗinki ƙarƙashin baranda. To wace mace ce za ta tsaya a gwada ta a tsakar gida, maza na shiga suna fita? Masu kawo ɗinki suka janye ɗaya bayan ɗaya. Ɗakunan gida cike suke da mutane, ɗakin baya kuwa babu rufi, kun san dalili. Sai yayanta ya aiko cewa ƙarshen wata zai zo da mota ya kwashe ta da yaran zuwa garinsu, tafiyar yini guda. Ba ni da bakin hanawa. Amma yaran nan su kaɗai ɗana ya bar mini, ƙaramar ma har tafiyarsa take yi.

Saura kwana goma sha tara na aiki surukata ta kwaso ƙwai. Na ji ta daɗe. Da ta fito, ko ƙwan ba ta riƙo ba.

Ta ce, “Inna, kin taɓa tsayawa kin kalli cikin ɗakin nan kuwa? Taga uku. Haske kamar a waje. Ga durowa a bango, ga benci, ga ƙofa mai sakata.”

Na ce, “Ga kashin kaji kuma.”

“Ai ruwa na maganinsa.”

Kwana huɗu muna wanki da goge-goge. Kaji suka koma keji, gawayi ya koma kicin. Ta kafa keke can ƙarshen baya, gindin babbar taga, ta jera yadudduka a gefensa, ta rataya labule da madubi. Ni kuma na ɗaura ɗankwali na tafi wajen shugabar makarantar 'yan mata ta bayan layinmu. Na san tana neman mai ɗinka kayan makaranta guda arba'in, na kuma san waye ya yi mata jinyar uwarta sati uku a asibiti. Ban tuna mata ba. Na dai tambayi lafiyar tsohuwa sau biyu.

Washegari ta zo da kanta. Mace ce Allah ya yi mata jiki, tubarkalla. Ina zaune a baya kusa da keke, surukata na tsaye da abin awo a wuya. Malama ta shigo tana yaba labule, ta tako, ta sake takowa, ta iso inda muke.

Sai ɗaki ya ɗaga hanci sama ya zauna da gindi.

Keke ya zame, durowa ta buɗe, zare da maɓallai suka yi mana ruwa. Malama ta faɗo kaina, ni na faɗa kan yadi, kowa na salati. Ashe buhunan gawayin nan ne suka danne gabansa duk watannin nan, mu kuma muka kwashe su muka tara nauyi a baya. Da rarrafe Malama ta fita, takalmi ɗaya a hannu.

Ta ce, “Inna, ina ganin girmanki, amma ba zan kawo kayan 'ya'yan mutane cikin lilo ba.”

Surukata ba ta yi kuka ba. Kwali ta ɗauko ta fara jera zare a ciki. Wannan ya fi kukan ci mini rai.

Ko mayafi ban gyara ba na nufi rumfar Sai-gobe. Na same shi a ƙarƙashin kwanona, yana ƙona ƙarfe. Na wanke shi tas a gaban abokan aikinsa. Na ce ya hana ni rufi, ya kawo mini abin da zai karya ni, yanzu kuma zai raba ni da jikokina. Da na ambaci jikoki sai ya kashe wuta.

Ya ce, “Wai ba ku sauke masa ƙafafu ba?”

“Ƙafafun me?”

“Ƙafa huɗu gare shi, Yaya, a naɗe a ƙasa, kowace kusurwa ɗaya.”

“Da ka kawo shi ka faɗa wa wa? Kaji?”

Ran nan dai bai ce sai gobe ba. Ya biyo ni da kayan aiki, ya kwanta a ƙasa da farar rigarsa ya shige ƙarƙashi. Ƙafafun na nan, tsatsa ta cinye biyu. Ƙarfen da ake murɗa su da shi kuwa, shi muke tokare ƙofar kaji da shi tun zuwan ɗakin. Yini biyu ya rufe rumfarsa yana gidana. Ya sauke biyu, ya ƙera biyu sababbi, ya sa katako a ƙarƙashin kowace. Ya yi matakala, ya kafa rumfar tabarma a kan rufi don zafi, ya ɗaure keken da ƙusa a daɓe. Sannan ya tafi makaranta da kansa ya tsaya a ƙofar ofis har Malama ta gaji ta biyo shi.

Ta ƙi shiga. Ta ce sai ta gani da idonta. Sai-gobe ya kira direba da mai faci da wani ƙato mai sayar da taya, su huɗu suka taru a ƙarshen baya suna tsalle kamar yara. Ɗaki ko gezau. Ta ce, “Inna ta fara shiga.” Na shiga na zauna na harɗe ƙafa. Ta tako a hankali tana dafa bango, ta iso, ta tsaya, ta ɗan girgiza jiki ta ji shiru. Sai ta fashe da dariya ta ce a kawo abin awo.

Ƙarshen wata yayan surukata ya zo da motarsa. Ya tarar da riguna ashirin da shida a rataye, mata uku a benci suna jiran layi, ƙanwarsa ko ɗagowa ba ta da lokacin yi. Ya daɗe tsaye a matakala. Ya ci abinci, ya yi wasa da yara, ya koma da mota babu kowa.

Na aika aka kira mini Sai-gobe. Na ce, “Zauna. Kwano goma sha biyu, ka biya. Na sauke.”

Ya ce, “Yau za a yi ruwa da ƙanƙara.”

“Rufe mini baki. Saura bashin da ke kaina. Yini biyu na aikinka, da ƙarfe, da katako. Faɗi.”

“Haba Yaya. Jikokin yayana ne fa.”

“Ni ba na kwana da kayan mutum a kaina. Faɗi.”

Ya miƙe ya karkaɗe wando, ya ce zai yi lissafi ya faɗa mini. Wata bakwai ke nan. Duk ranar da ya zo gaishe ni sai na tambaya, ya ce bai gama ba. Na kai masa zakara ya dawo da shi, na aika da yadi ya ce kalar ba ta yi masa ba. Da gangan yake yi, na sani, daɗi yake ji ya ga ni ce ake bi. Na bar shi ya ji daɗinsa. Ina jin keke na kuka daga safe har la'asar, yaran na dawowa daga makaranta su faɗo jikina, ni kuwa in ce Allah ya saka wa mai walda da alheri, amma ba a gabansa ba.