Bencin Ƙofar Asibiti

Allurar keken ɗinki ta huda min yatsa har ya yi ruwa. Likita ya rubuta min maganin kashe ƙwayoyin cuta, sau uku kullum, kwana bakwai.

Tsautsayi ya sa na karanta takardar cikin kwalin. Wai maƙogwaro yana iya kumbura! Ni da ko ƙwarewa na yi sai in ce mutuwa ce.

Shi ya sa ba na shan maganin sai a bencin ƙofar asibiti. In haɗiye, in zauna awa guda ina jiran numfashina ya tsaya, in koma shago, in dawo.

Rana ta huɗu mai gadi ya tambaye ni, "Baiwar Allah, har yanzu ba a sallami marar lafiyar naki ba?"

"Tukuna," na ce, hannuna a wuya.