Ƙodar da Kawu Ya Ɓoye wa Kakanni

Ranar da aka yanka akuyar godiya a gidansu da ke unguwar Khayelitsha, Bulelwa tana zaune a tabarma, hannunta dafe da wurin ɗinkin tiyata. Ba a daɗe da dasa mata ƙodar wani mamaci mai cutar ƙanjamau irin tata ba. A al'adarsu, baƙon abu ba ya shiga zuri'a sai an sanar da kakannin da suka rasu, don haka kawunta Mandisi ya miƙe da ƙwaryar giya, ya tsiyaya kaɗan a ƙasa.

"Iyayenmu na ƙasa, ga 'yarku ta dawo. An sa mata ƙodar wani lafiyayye, mai tsabtar jini."

Gwaggo Nozuko ta gyaɗa kai, ita da ta ware wa Bulelwa kofi da cokali tun ranar da aka gano cutar. Ko yau kwanon Bulelwa daban yake, an ɗaura masa jan zare.

Bulelwa ta ɗago kai ta dubi kawunta.

"Haba Kawu, matattun ma ƙarya za ka shara musu?"

"Ke, rufe mana baki! Maƙwabta na ji," in ji gwaggo.

"Su ji mana! Shekara da shekaru ina jikin injin wankin ƙoda, cikinku masu tsabtar jinin wa ya taɓa zuwa ko gwajin ba ni ƙoda?" Ta ture kwanon da ƙafa. "Sake zuba giyar, Kawu. Ka faɗa musu wanda ya raya 'yarsu, da ya zo gidan nan da ransa, ko kofi ba za ku ara masa ba."