Kangon Gidan Sufaye

Hadijatu Ɗayyabu ta zo Kuala Lumpur ne daga Zariya don digiri na uku a kan adana tsofaffin gine-gine. Bincikenta a kan wani kango yake a arewacin Ingila, gidan da sufayen Kirista suka gina shekara ɗari takwas baya. So take ta gano yadda suka sarrafa ruwa har katangun suka kai yau a tsaye. Saura sati biyu ta tashi zuwa Ingila aka sa dokar kullen korona, aka rufe iyakoki.

Kwana uku ta yi a ɗakinsu na unguwar Taman Melati ba ta buɗe littafi ba. Mijinta Yahuza ya sayo ƙunshin abinci daga mamak, gidan abincin da ke ƙasan benensu, ya ajiye mata, ya ce ta rubuta wa masu kula da kangon ko da ba za su amsa ba.

Aka amsa kuwa. Wani dattijo ne, Mista Alwyn, tsohon magini. Ya ce ofis a rufe yake, shi kaɗai ke zuwa yankan ciyawa, amma yana da waya da igiyar awo, kuma ba shi da abin yi.

Haka suka fara. Duk Talata bayan la'asar, lokacin da hantsi ya yi a can, sai ya kira ta ta bidiyo ya shiga zagayawa da ita, yana auna mata katangu da igiyar. Sau da yawa takalmansa kawai take gani. Yana tafe yana ba ta tarihi: yadda sufayen suka zo su goma sha uku suka sare daji, suka yi arziki da ulun tumaki, da yadda wani sarki ya kore su ya sa aka kwashe dalmar rufin. Mutanen ƙauye suka yi ta jidar duwatsun. Ya yi dariya ya ce dutsen murhun gidansa ma daga can kakanni suka ɗauko shi.

A sati na bakwai ta ce masa lissafinta ya nuna akwai magudanar ruwa bayan madafar sufayen. Ya ce shekara arba'in yana wurin bai ga komai ba sai ƙaya. Duk da haka ya kawo lauje. Ta ji yana nishi, sannan shiru, sannan ga bakin wani rami da aka jera wa duwatsu, ruwa na bi ta ciki a hankali. Hadijatu ta dafe baki, hawaye na zuba.

Bayan shekara guda ta kare kundinta ta kwamfuta, ta ci. Ta aika masa shafin godiya inda sunansa ya zo bayan na iyayenta. Washegari ya kira, ya ce akwai gyara.

"Ki ƙara sunan matata, Morwen. Ita ke riƙe ɗaya bakin igiyar tun ranar farko. Kyamara ce ba ta so."

"Baba, duk watannin nan tana nan?"

"Tana nan. Ita ta ce in amsa wasiƙarki ma."

Ya juya wayar. Wata tsohuwa mai jar hula ta ɗaga hannu a kunyace. Hadijatu ta gyara mayafinta, ta gaishe ta kamar yadda ake gaida uwa, ta daɗe tana yi mata godiya kafin ta tambayi yadda ake rubuta sunan.