Kurdawa da Masu Kurɗawa

Ruwan farko bai daɗe da sauka ba aka sace shanun huɗar gidan su Bushira. Bijimai biyu ne, ɗaya fari mai ɗan ɗingishi, ɗaya ja. Ɓarayin sun shigo ta ɓarakar dangar bayan gida, suka kwance su daga turke. Da gari ya waye Mu'azu, yayan Bushira, ya bi sawu har bakin rafin da ke yamma da gonakinsu a yankin Gayam. Sawun ya shiga ruwa ya fita a tsallake. Nan ya tsaya, domin daga rafin nan ƙasar hakiminsu ta ƙare. Tsallake wata jiha ce, da nata hakimin da nata 'yan sandan.

A tsallaken kuwa, rugar da mutum zai fara tararwa ta Bakoji ce. 'Yarsa Karima ita ke kawo musu nono duk ranar kasuwa, kuma ƙawar Bushira ce tun suna ƙanana. Ko a makon nan ta bar ƙwaryarta a gidan, ta ce sai ta dawo.

Kafin azahar magana ta gama gari. Muttaka, shugaban 'yan sa-kai, ya ce gobe bayan sallar asuba za su tsallaka, kuma da rugar za su fara. Mu'azu ya ce da shi za a je. Tun rasuwar mahaifinsu shi ke riƙe da garma, babu bijiman nan kuwa babu huɗa bana.

Da la'asar suna zaune a gindin mangwaron tsakar gida. Kaka tana ɓarar gyaɗar iri, rediyonta na gefe. Mu'azu yana goge bindigar toka da tsumma. Bushira ta buɗe littafin taswira da ta aro a makarantarsu ta Birnin Gwari, amma tun ɗazu shafi ɗaya take kallo. Sai mai labarai ya ce sojojin Turkiyya sun tsallaka iyaka zuwa arewacin Iraƙi, da jiragen sama da dakaru, suna farautar mayaƙan Kurdawa masu neman ɓallewa. Ya ce Turkiyya ta ce daga duwatsun can ake kai mata hari, Iraƙi kuma ta ce an keta mata ƙasa.

Mu'azu ya ɗago kai. Ya ce kun ji ko, ashe ba mu kaɗai ba ne. Mutum ya dake ka, ya ruga gidan maƙwabci, maƙwabcin ya kasa kama shi ko ya ƙi, to sai ka zauna kana kallon danga?

Kaka, wadda kunnenta ya fara nauyi, ta gyaɗa kai. "Gaskiyarka, maigida," in ji ta, don haka take tsokanar jikan nata. "Masu kurɗawa ai ba a raga musu. Wanda ya bar ƙofa ya kurɗa ta danga, me ya zo yi in ba ɓarna ba? Ashe har ƙasar Larabawa akwai su."

Bushira ta so ta yi shiru. Ba ta saba sa baki a maganar manya ba. Amma kuskuren harafi abu ne da ba ta iya bari ya wuce.

"Kaka, ba kurɗawa ba. Kurdawa. Wancan harafin mai lanƙwasa ne a kai, wannan ba shi da ita."

"Ni ina na ga lanƙwasa? Kunne gare ni, shi ma rabi."

Sai Bushira ta matso da littafin, ta nuna mata da yatsa. Ta ce Kurdawa al'umma ce, kamar a ce Hausawa ko Fulani ko Gbagyi, miliyoyin mutane da harshensu, iyaka ta raba su ƙasa huɗu: Turkiyya, Iraƙi, Iran da Siriya. Akwai manoma a cikinsu, akwai makiyaya, akwai masu shago. Masu bindigar nan da rediyo ke faɗi wani yanki ne kawai.

Kaka ta dubi taswirar a karkace, ta tambaya ko suna da tsofaffi irinta. Bushira ta ce dole. Kaka ta ci gaba da ɓara na ɗan lokaci.

"To jirgin nan da ke can sama," ta ce, "shi yana ganin lanƙwasar?"

Mu'azu ya ajiye tsumma. Ya ce tsohuwa kada ki juya magana. Ya tuna musu Labaran, abokinsa, da aka harbe bara a kan kunya da fartanya a hannu. Ya tuna musu gonar bakin daji da suka bari ta koma ciyawa. Duk wanda ya yi waɗannan, rafin nan ya tsallaka ya tafi, kuma an kai ƙara can an kai nan, kowa ya ce ba ɓangarensa ba ne. Ya juya ga ƙanwarsa. "Ke mai littafi, a can Turkiyyar ba a kashe musu mutane ba?"

Bushira ta ce an kashe, da yawa ma, har a cikin garuruwa. Ya ce to fa. A ranta ta san bai yi ƙarya ba ko ɗaya. Ta kuma san cewa gobe da asuba, cikin duhu-duhu, babu wanda zai tsaya tambayar wace bukka ce ta Karima.

Ta rufe littafin, ta shiga ɗaki. Da ta fito da hijabinta ne, da ƙwaryar Karima a hannu.

"Ina zuwa?" in ji Mu'azu.

"Zan mayar wa Karima ƙwaryarta."

"Yau? Kina da hankali kuwa?"

"Yaya, rana ba ta faɗi ba. Zan yi sallama a bakin ruga, su amsa, in ga abin da ke ciki da idona." Ta kama hanya.

Ya daka mata tsawa, ba ta juyo ba. Ya waiga zai ɗauki bindiga, sai ya tarar Kaka ta jawo ta ƙarƙashin tabarma ta zauna a kai. Ta ce in yana so ya ɗaga amaryarsa ya ɗauka, in yana da ƙarfin. Ta ƙara da cewa mai shiga gidan mutane da asuba ba sallama, ita dai suna ɗaya ta san ana kiransa da shi, kuma mai lanƙwasar ne. Mu'azu ya yi tsaki, ya tayar da babur, ya cim ma Bushira a bayan masallaci. Ya tsayar da babur, ta hau.

Suka bar babur a bakin rafi suka tsallaka da ƙafa, ruwan iya ƙwauri. Abin da Bushira ta fara lura da shi shi ne shiru. Ruga da yamma ba ta rasa kukan shanu, amma a garken 'yan maruƙa ne kawai ke zagaye turaku. Mata sun ɗaure kaya a bakin bukkoki. Ta yi sallama, sai Mu'azu ya maimaita da ƙarfi.

Bakoji ya fito, kansa ɗaure da tsumma, ido ɗaya a kumbure. Ya amsa, ya shimfiɗa musu buzu. Karima ta zo ta karɓi ƙwaryar, ta riƙe hannun Bushira ba ta saki ba. Bakoji ya ce mutanen da suka kwance bijiman ta nan suka biyo, suka haɗa da manyan shanunsa gaba ɗaya, da ya tare su suka sauke masa gindin bindiga a ka. Farin mai ɗingishi ma ya gan shi, shi ne a baya. Ya kai Mu'azu bayan ruga ya nuna masa sawun, faffaɗa kamar hanyar mota, ya miƙe cikin daji.

"Mun ji za ku zo gobe," in ji Bakoji. "In mun gudu, a ce mu ne. In mun zauna, ka san sauran. Tun safe muke ɗaure kaya muna kwancewa."

Mu'azu ya daɗe yana kallon sawun. Daga nan ya ce, "Baffa, sa hularka. Muttaka zai ga kan nan naka kafin magariba."

Su uku suka hau babur ɗin. Muttaka ya duba raunin, ya yi tambayoyi masu yawa, wasu ma da zafi, Bakoji ya amsa duka. Da asuba babu wanda ya tsallaka rafi. Da hantsi mai garinsu da arɗon tsallake suka tafi tare wajen sojoji, abin da ba a taɓa yi ba.

Bijiman ba su dawo ba. Da hannu Mu'azu ya yi huɗar bana, rabin gonar kawai ya iya, tafinsa duk ya yi kanta. Wata la'asar rediyo ya sake kawo labarin can, yana zaune yana shafa man kaɗanya a hannu. Ya ce shi fa har yanzu yana ganin Turkiyya tana da tata gaskiyar, kuma da sawun nan a rugar ya tsaya, da ba wanda zai hana shi. Bushira ta ce ta sani.

Kaka ta kara rediyon a kunnenta mai ji, ta saurara har mai labarai ya gama.

"Ban ji ya ce sun yi sallama ba," in ji ta. "Ko kunnen ne?"