Nauyin Saniyar Sa'a

Shekara talatin da ɗaya Malam Natan ya yi yana koyar da lissafi a firamare, kuma da ya yi ritaya bai daina ba, ɗaliban kawai ya sauya. Duk Sabon Garin Keffi an san halinsa. Ka ce masa Tudun Ƙofa ba nisa, sai ya tsayar da kai a bakin titi ya ce, "Ba nisa a me? A mita ko a kilomita?" Matarsa Zipora, wadda take ɗinki, ta sha cewa ranar da za a binne shi sai ya ɗago kai ya tambayi masu haƙa ko sun auna.

Wata Litinin Sa'a mai nono ta shigo gidan ba ƙwarya a kanta. Shekara tara ke nan tana kawo musu nono daga rugarsu ta bayan gari. Mijinta ya rasu, kuma saniya guda gare ta, wadda mahaifinta ya bar mata. Daga nonon saniyar nan ita da 'ya'yanta uku suke ci. Yanzu saniyar ta rame, ta daina kiwo. Sa'a ta sayo maganin allura, mai shagon ya ce a yi mata gwargwadon nauyinta, kada a wuce, domin maganin yana da ƙarfi.

"Baba Malam," ta ce, "wa ya taɓa ɗora saniya a sikeli a ruga?"

Malam Natan ya ji daɗi har cikin ransa. An daɗe ba a kawo masa tambaya mai nama irin wannan ba. Ya tono wani tsohon ɗan littafin malaman gona daga ƙarƙashin gado, ya ce ta je ta zagaya ƙirjin saniyar da igiya ta ƙulla, sannan ta auna daga kafaɗa zuwa gindin wutsiya da wata igiyar, ita ma ta ƙulla.

Washegari ta kawo igiyoyin. Ya karɓi tef ɗin Zipora ya shimfiɗa su a kan tebur. Ta ƙirji inci sittin, ta tsawo inci hamsin da biyar. Ya gyara tabarau, ya yi yadda littafin ya ce: sittin sau sittin, sau hamsin da biyar, a raba da ɗari uku. Ɗari shida da sittin. Jikin kwalbar maganin da ta zo da ita ya ce mil ɗaya na ma'aunin sirinji ga kowane kilo ashirin. Ya raba, ya samu talatin da uku, ya rubuta da manyan lambobi, har ya ja layi biyu a ƙarƙashi kamar yadda yake sa yara su yi.

"Kilo ɗari shida da sittin?" in ji Zipora daga kan keken ɗinki. "Saniyar da aka ce ta rame?"

"Ke dai ki ji da zarenki," ya ce. "Lissafi ba ya ƙarya."

Sa'a ta ƙulle takardar a bakin zane, ta ce gobe da safe ƙanin mijinta Uthman zai yi allurar. Ta yi ta godiya har ƙofa.

Ranar Laraba ce ranar awon hawan jininsa. Wajen ƙarfe tara yana asibiti, nas ta ce, "Baba, hau sikeli." Ya hau. Ta ce, "Sittin da shida." Ya sauko yana neman takalminsa, sai lambar ta tsaya masa a rai. Sittin da shida. Wato saniyar Sa'a, wadda aka ce haƙarƙarinta sun fito, ta kai shi goma? Shi goma a tsaye?

Nan take ya gane. Inci ya auna. Lissafin da aka shiga da inci, da laba yake fita, ba da kilo ba. Kilo ɗaya kuwa laba biyu ne da ɗigo biyu. Shi da bakinsa ya sa dubban yara sun rera wannan. Laba ɗari shida da sittin kilo ɗari uku ne cif. Mil goma sha biyar ya kamata. Ya rubuta talatin da uku.

Bai tsaya karɓar katinsa ba. Sa'a ba ta da waya, ta Uthman kuwa bai taɓa tunanin karɓar lambarta ba. Ya tare ɗan acaɓa ya ce a kai shi ruga, a yi sauri. An kwana ana ruwa, hanyar ta zama taɓo, sau biyu suna sauka suna tura babur. A bakin rafi ɗan acaɓan ya ce shi fa nan ya tsaya. Malam Natan ya naɗe wando ya shiga ruwa, tsoho mai shekara sittin da takwas, yana addu'a da ƙarfi Allah ya sa Uthman ya makara, ko allurar ta karye, ko sun manta inda suka ajiye takardar. Yana tafe yana sake raba lambar a ka, ko za ta fito daban. Ba ta fito daban ba.

Tun daga nesa ya hango mata da yara a tsaye sun yi da'ira. Saniyar tana kwance a gefe ɗaya, jikinta yana rawa, kumfa na zuba daga bakinta. Sa'a na durƙushe a kanta tana shafa mata wuya.

Da ta gan shi ta miƙe. "Baba Malam! Har nan ka tako, cikin taɓon nan? Sannu. Wallahi mun yi yadda ka rubuta. Ko ɗigo Uthman bai rage ba."

Ya so ƙasa ta tsage ya shige. Ya matsa kusa da ita.

"Sa'a, ni ne. Ni na yi kuskure. Maganin ya wuce ninki biyu. Amsar da na samu laba ce, ya kamata in mayar da ita kilo, ban mayar ba."

Ta dube shi, ta dubi Uthman. Ba wanda ya taɓa jin laba a cikinsu.

"A'a, Baba," ta ce a hankali, kamar mai lallashin mara lafiya. "Kai da ka koyar da rabin garin nan? Kwananta ne ya ƙare. Kada ka ɗora wa kanka."

"Ki saurare ni, 'yata. Ba kwana ba ne, rabawa ce. Da na raba da biyu da ɗigo biyu..."

"Allah ya saka maka da alheri," ta ce.

Ya juya ga Uthman ya tambaye shi ko akwai abin da za a ɗura mata, ko a nemo likitan dabbobi daga gari. Uthman ya girgiza kai, ya ce kafin a tsallake rafi a dawo ta zama mushe. Naman ma, da magani a jikinsa haka, ba mahaucin da zai taɓa, amma ba za su bar ta ta mutu ba yanka ba. Ya zaro wuƙa yana gogawa a dutse.

Sa'a ta tattara 'ya'yanta ta zagaya da su bayan bukka. Maza biyu ne kawai a rugar a ranar, daga Uthman sai Malam Natan, saniyar kuma tana harbin iska. Uthman ya waiga ya ce, "Baba, don Allah kama mana ƙafar baya."

Malam Natan ya durƙusa cikin taɓo ya kama da hannu biyu. Ƙafar tana da ɗumi, tana ta fizga. Bai saki ba har ta daina.