Namijin Dabinon Inna

Dabino huɗu ne a bayan gidanmu a Issawane, kuma su ne duk abin da mahaifiyata Tanna ta tsira da shi daga duwatsun Azbin. Shekarar da fari ya koro su kudu, ta ciro tsironsu daga wani kwari a gindin dutsen Bagzan, ta naɗe da jiƙaƙƙen buhu. Ruwan shanta take rage musu a hanya.

Uku mata ne, ɗaya namiji. Namijin bai taɓa yin ɗa ba, amma in babu shi matan ma ba sa yi. Duk shekara ni ke hawa in yanko furensa in ɗaura a jikin na matan, Inna na ƙasa tana yi mini faɗa. In sun nuna takan tauna ɗaya ta yi ta lissafo rijiyoyin kwarinsu. Yayana Gazali, ma'aikacin biro, wato ofis, a Mayahi, dabinon kawai ya sani. Da an fara zancen dutse sai ya zaro waya.

Da na kai Inna Tasawa aikin ido, sai Gazali ya ga ranar nuna shi ɗan kirki ne ta zo. Ya kwaso magina ya sake mata rufin ɗaki. Bayan kwana tara muka dawo, ya tarbe mu yana washe baki.

"Inna, ɗaga kai ki gani. Azara sabuwa! Wancan ragon iccen da bai haihuwa na sa anka sare, ruwa kawai yake sha."

Na ji kamar in shaƙe shi. Inna ta ɗaga idon da aka gyara mata, ta daɗe tana kallon rufin.

"Namijin ne ka sare, Gazali."

"Dabino na da namiji?" Ya yi dariya, ya ga ba wanda ya taya shi. "To, sai a samo wani."

"Irin nasu yana Bagzan. Ka san hanya?"

Bai sani ba. Ni ma ban sani ba, kuma wannan ya fi komai ƙona mini rai.

Da safe na ɗauki guga zan ba sauran ukun ruwa, kamar kullum. Inna ta riƙe mini hannu.

"Aje, ɗana. Kai wa awaki."