Bugu Biyu a Bango

Mai gyaran waya yana cikin kwance wata waya sai ya ji keken ɗinkin Baba Tela ya yi shiru. Ya ajiye sukundireba, ya kasa kunne.

Bangon katako ne ya raba shagunansu. Shekara biyu ke nan idon tsohon ya daina ganin kafar allura. In zare ya tsinke sai ya ƙwanƙwasa bango sau biyu, shi kuma ya leƙa ya zura masa, ya dawo kan aikinsa. Ba dangin iya ba na baba, zaman kasuwa ne kawai ya haɗa su.

Yau kuwa ba bugu, kuma ya san dalili. 'Yar Baba, ma'aikaciyar jinya, tana zaune a ciki tun safe, da sabon kwaɗon ƙofa a kan cinyarta. Ta rantse in ta tabbatar ido ya tafi, za ta garƙame shagon ta kai shi gida ya huta. Baba kuwa ya sha faɗa masa, "Ranar da aka raba ni da keken nan, a fara haƙa kabari."

Tausayi ya kama mai gyaran waya. Ya fizge maɓallin rigarsa, ya shiga.

"Baba, dubi aikinka! Ko sati bai yi ba."

Ya sunkuya gaban keken kamar zai ɗauki maɓallin da ya faɗi, ya zura zaren a allura cikin ƙiftawar ido.

"Tumbinka ne ya tsinke shi, ja'iri," in ji Baba.

'Yar ta bi mai gyaran waya da kallo har ya fita.

Bayan rabin awa keke ya sake tsayawa. Kai, yau ake yin ta! Maɓalli nawa mutum zai tsinke a rana ɗaya? Ya zauna ya kasa kunne.

Can sai ƙwas, ƙwas. Ba bugun Baba ba ne, wannan da ƙarar zobe.

Ya tarar da 'yar tsugune gaban keke, zare a hannu, idonta ya kaɗa ya yi ja.

"Sau biyar na gwada, na kasa," ta ce. "Yayana, kullum kana nan?"

"Ina za ni, ƙanwata?"

Ta daɗe tana kallon mahaifinta. Sannan ta jefa kwaɗon cikin jaka, ta matsa gefe.

"To zo ka zura. Baba yana da aiki."